Littafin EPUB Ya Ƙi Buɗewa: A Mayar da Shi PDF Ko a Nemo Masa Manhaja?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman taimako a kan wani littafi da malamin da ke duba aikin bincikena ya turo mini ta WhatsApp jiya da daddare. Na sauke shi lafiya, bai ma kai megabait biyu ba, amma duk lokacin da na danna shi sai wayar ta ce ba ta da manhajar da za ta buɗe irin wannan fayil. Sunansa ya ƙare da .epub, ni kuwa duk littattafan da na saba karantawa PDF ne. Da safe na kai shi wani shagon kwamfuta a bakin makaranta don a buga mini shi a takarda, yaron shagon ya tilasta wa kwamfutarsa ta buɗe shi kamar rubutu, sai wasu baƙaƙe marasa kan gado suka cika allon, nan take ya yanke hukunci cewa fayil ɗin ya lalace a hanya. Ina jin nauyin in koma wa malamin in ce ya sake turowa alhali ban san ainihin matsalar ba.

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki koma wa malaminki tukuna, domin da wuya a ce wani abu ya sami fayil ɗin. EPUB tsari ne na littafin da ake karantawa a na'ura, kuma shi ne wanda ya fi yaɗuwa a tsakanin masu sayar da littattafai da ɗakunan karatu na intanet, sai dai yawancin wayoyin Android ba sa zuwa da manhajar buɗe shi. Ki shiga Play Store ki sauke ReadEra ko Lithium ko Moon+ Reader. Ni ReadEra nake bai wa wanda bai saba ba, saboda da kanta take lalube wayar ta jero littattafan da ke ciki, kuma ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. Google Play Books ma tana buɗewa, amma ita sai an ɗora littafin a asusun mutum na Google kafin ya bayyana. Mai iPhone ba ya buƙatar sauke komai, Apple Books ta wadatar. A kwamfuta kuma akwai Calibre da Thorium Reader, ga SumatraPDF ga masu Windows, dukkansu kyauta ne. Wanda ya taɓa buɗe EPUB da tsohuwar Microsoft Edge kada ya yi mamaki idan yanzu ta ƙi, an cire mata wannan aikin tun 2019.

Alhaji Mudi:
Ni dai a nawa ganin, an ɗauko doguwar hanya. Na yi shekaru masu yawa ina aikin ɗab'i kafin ido ya fara gajiya, kuma abin da na sani shi ne littafi shafi ne: an tsara shi, an auna gefensa, an san inda layi ya fara da inda ya ƙare. Yarinyar nan takarda take so ta riƙe a hannu. A mayar mata da shi PDF, ta kai shago a buga, magana ta ƙare. Me zai sa a cika mata waya da manhajoji saboda littafi guda ɗaya?

Malam Kabiru:
Ranka ya daɗe, mayarwar mai yiwuwa ce, Calibre tana yin ta cikin 'yan daƙiƙoƙi, amma akwai abin da za a rasa. PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, an yi shi ne don shafi ya tsaya yadda aka tsara shi a kowace na'ura, shi ya sa idan aka buɗe shafin A4 a kan wayar da faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai mutum ya riƙa buɗa shi da yatsu biyu yana jan layi dama da hagu har wuya ya ƙage. Rubutun EPUB kuwa kamar ruwa yake, siffar mazubin da aka zuba shi yake ɗauka. Idan allon ƙarami ne layukan su gajarta, idan mai karatu ya ƙara girman haruffa su sake jeruwa da kansu ba tare da wata kalma ta fita daga allo ba. Kai da ka ce ido ya fara gajiya, ai kai ne ma wannan tsari ya fi yi wa rana, domin za ka iya mayar da haruffan manya-manya kamar na allon makarantar allo, ka sauya farin shafi ya koma ruwan ƙasa ko baƙi idan dare ya yi.

Injiniya Bashir:
Bari in ɗan buɗe cikin fayil ɗin, domin idan aka ga abin da ke ciki tsoronsa zai ragu. EPUB ba komai ba ne illa ƙunshin ZIP, wato fayiloli da yawa da aka matse a fayil guda, da aka sauya wa suna. Duk mai kwamfuta zai iya gwadawa: ya kwafi fayil ɗin, ya goge .epub na ƙarshen sunan kwafin ya rubuta .zip, sannan ya warware shi. Zai tarar da kowane babi a matsayin shafin intanet mai zaman kansa, an rubuta shi da XHTML, ga fayil ɗin CSS mai kula da kwalliyar rubutu, ga hotuna a jakarsu, wani lokaci har da salon haruffan da mawallafi ya zaɓa. Akwai jaka mai suna META-INF, a cikinta akwai container.xml, wanda aikinsa kawai ya nuna wa manhaja inda babban fayil mai ƙarewa da .opf yake. Shi wannan na .opf shi ne kamar madugun ayari: yana ɗauke da sunan littafi da na marubuci da harshen da aka yi rubutun, da jerin duk kayan da ke cikin ƙunshin, da kuma tsarin da babi-babi za su bi juna.

Malama Hadiza, idan kina iya tuna abin da kika gani a allon yaron shagon, ina kyautata zaton baƙaƙen farko P da K ne, kuma kaɗan a gabansu akwai mimetypeapplication/epub+zip a haɗe. PK ɗin nan farkon sunan Phil Katz ne, mutumin da ya ƙirƙiro ZIP a 1989, kuma da su kowane ƙunshin ZIP yake farawa. Ƙa'idar EPUB ta shar'anta cewa ƙaramin fayil mai suna mimetype ya zama na farko a ƙunshin kuma kada a matse shi, shi ya sa yake karantuwa a fili alhali sauran sun zama tarkace a ido. Wannan sharaɗin ne kuma yake kayar da masu warware littafi su gyara wani abu su sake ƙunshe shi yadda suka ga dama, sai wasu manhajoji su ƙi karɓarsa.

Tsarin kansa ba na wani kamfani guda ba ne. Ya samo asali daga Open eBook na 1999, ƙungiyar IDPF ta fitar da shi da sunan EPUB a 2007, aka yi EPUB 3 a 2011, sannan a 2017 ƙungiyar ta narke cikin W3C, wadda ke kula da ƙa'idojin shafukan intanet, kuma ita ce ta tabbatar da EPUB 3.3 a 2023.

Malama Hadiza:
Injiniya, wallahi haka ne, na ɗauki hoton allon don in nuna wa malamin, yanzu na duba na ga PK a kusurwar sama. Na sauke ReadEra kuma littafin ya buɗe, har da jerin babi-babi da ake dannawa. Na gode ƙwarai. Sai dai wata sabuwa ta taso. Da na buɗe shi ya nuna mini shafi 412, da na ƙara girman haruffa sai ya koma 655. To, idan na ɗauko magana daga ciki zan sa a aikina, wane shafi zan rubuta?

Alhaji Mudi:
Kun ji abin da nake faɗa. Littafin da shafinsa yake sauyawa tsakanin azahar da la'asar, ta yaya malami zai ce wa ɗalibai su buɗe shafi kaza?

Dakta Safiya:
A nan kam Baba Alhaji yana da gaskiya, kuma matsala ce da muke fama da ita da ɗalibai kowace shekara. Lambar da manhaja take nunawa a ƙasan allo ba lambar shafin littafi ba ce, lissafi ne kawai na yawan allon da rubutun ya cika a wannan wayar da wannan girman haruffa, don haka ba ta da amfani ga wanda zai bi sawun maganarki. Wasu mawallafa suna dasa lambobin shafukan bugun takarda a cikin EPUB ɗin, kuma manhaja irin su Thorium tana iya kai mutum shafin da ya nema idan an dasa su. Ki duba ko naki yana da su. Idan babu, ki ambaci babi da ƙaramin kanun da maganar take ƙarƙashinsa, in ya kama har da lambar sakin layi, ki kuma bayyana a jerin manazarta cewa bugun EPUB kika yi amfani da shi. Amma ki fara tambayar malaminki, tun da shi ya turo miki, domin sashe-sashe suna da nasu tsarin.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da shi PDF sannan a ɗauki lambobin da suka fito a matsayin shafukan littafin. Waɗannan lambobin Calibre ce ta ƙirƙire su a lokacin mayarwa, gwargwadon girman takardar da aka zaɓa mata, kuma ba za su dace da bugun da ke ɗakin karatu ba. Na taɓa bin wata magana da ɗalibi ya ce tana shafi na ɗari uku da wani abu, alhali littafin da ke kan teburina bai kai shafi ɗari biyu da hamsin ba.

Maman Iman:
Tun da an taɓo wannan batu, bari ni ma in kawo kukana. Ina rubuta labaran Hausa, kuma na gaji da yadda ake yanka su gunduwa-gunduwa a WhatsApp, shi ya sa na ba wani ya haɗa mini littafina guda ya zama EPUB. A wayata ya fito tsaf. Amma wata mai karatu ta turo mini hoton nata allon, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati fanko, wata kuma ta ce ita a wurinta haruffan suna nan amma sun fi sauran kauri, kamar an aro su daga wani littafin. Ta ukun ce ta fi ba ni haushi, domin a nata kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki kuma ya koma É—aki. Shin laifin wanda ya haɗa ne ko na wayoyinsu?

Injiniya Bashir:
Hajiya, cututtuka biyu ne daban kika lissafa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwatin fanko da harafin da ya bambanta da 'yan'uwansa duk matsalar salon haruffa ce. Rubutunki yana nan daidai a cikin fayil, amma salon da manhajar take amfani da shi ba a zana masa haruffa masu lanƙwasa ba, sai ta nuna akwati, ko ta aro harafin daga wani salon, wanda shi ne kaurin da ta biyun ta gani. Mai karatu za ta iya gyara wannan da kanta ta hanyar sauya salon haruffa a saitin manhajar. Ke kuma za ki iya rufe ƙofar tun daga tushe idan aka dasa salon da ya san Hausa a cikin littafin, kamar Charis ko Andika ko Gentium na ƙungiyar SIL, ko Noto na Google, waɗanda lasisinsu ya halatta a dasa su kyauta. Sai dai ki sani wasu manhajojin suna yin biris da salon mawallafi har sai mai karatu ya kunna shi.

Na ukun kuwa ya fi tsanani. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, wanda shi ne aka saba rubuta EPUB da shi, harafin ƙ bait biyu ne, wato 'yan lambobi biyu da na'ura take ajiye shi da su. Idan wata manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, sai ta ɗauki kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa, na farko ya zama Æ na biyu ya zama ™. Tun da a wayarki ya fito daidai, ina zargin kwafin da ke hannunta ba naki na asali ba ne, wani ne ya bi da shi ta wani shafin sauya fayil ko ya mayar da shi rubutu zalla kafin ya tura mata. Idan ɓarnar ta riga ta shiga fayil, sauya salon haruffa ba zai yi komai ba. Ki tura mata na asali, kuma kafin ki sake fitar da wani littafin ki sa a tace shi da EPUBCheck, manhajar gano kurakuran EPUB, a buɗe shi da Sigil, manhajar gyara shi, a tabbatar an rubuta ha, wato alamar Hausa, a gurbin harshe.

Malam Isufu:
Gaisuwa daga Damagaram. Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Injiniya. Mu a Nijar muna rubuta ƴ a inda ku a Najeriya kuke rubuta 'y, kuma na lura wannan harafin ya fi sauran ukun saurin zama akwati. Bambancin yana shafar bincike a cikin littafi ma, domin wanda ya nemi ƴaƴa ba zai sami 'ya'ya ba, kamar yadda wanda ya rubuta k'asa ko kasa ba lalle ya sami ƙasa ba. Amfanin EPUB shi ne rubutu ne na gaske da ake iya bincikawa, to amma sai marubuci ya tsaya a kan ƙa'ida guda daga farko har ƙarshe. Tambayata ita ce ajami: shin tsarin yana ɗaukarsa?

Injiniya Bashir:
Yana ɗauka, Malam. EPUB 3 ya tanadi rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, har da umarnin da ke sa a juya shafi ta ɓangaren da ake juya littafin Larabci, kuma SIL tana da salon Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano, da kuma Harmattan. Sai dai ba kowace manhaja ce take bin umarnin ba, kuma wasulan ajami sukan goce daga mazauninsu idan salon bai dace ba, saboda haka sai an gwada a manhaja biyu ko uku. Idan kuma tsohon rubutun hannu ne ake son a ga tawadarsa da sharhin da ke gefensa, wannan aikin hoto ne, PDF ya fi dacewa da shi.

Abban Sadik:
Ni tawa matsalar daban ce. Na sayi littafi a wani shagon intanet na ƙasar waje, an rubuta EPUB ƙarara, amma abin da na sauke ɗan mitsitsin fayil ne mai ƙarewa da .acsm, kuma duk manhajojin da Malam Kabiru ya lissafa sun ƙi shi. Ina kuma da Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, da ƙanena ya kawo mini, na zuba mata wasu EPUB ta igiyar caji, ko ɗaya bai bayyana ba.

Malam Kabiru:
Abin da ka sauke ba littafin ba ne, takardar karɓar kaya ce. Littafin yana da makullin hana kwafi na Adobe, don haka sai ka sa Adobe Digital Editions, ka yi mata rajista da asusunka, ka buɗe .acsm ɗin da ita alhali kana kan intanet, ita za ta sauko da ainihin littafin. Ka yi rajistar kafin ka buɗe, domin idan ka buɗe ba tare da asusu ba littafin zai ɗaure da wannan na'urar kaɗai. Irin wannan littafin Calibre ba za ta sauya shi ba, kuma idan ka tura wa wani ba zai buɗe masa ba. Da yawa daga fayilolin da ake cewa sun lalace, makulli ne a jikinsu.

Kindle kuwa tana da nata tsare-tsaren, irin su AZW3 da KFX, ba ta karanta EPUB kai tsaye. Tun 2022 Amazon take karɓar EPUB ta hanyar Send to Kindle, ta sauya shi sannan ta aika wa na'urar, muddin ba shi da makulli. In ba ka son bi ta intanet, Calibre za ta mayar maka da shi AZW3 ka zuba ta igiya. Na'urar Kobo ita tana buɗe EPUB yadda yake. Don gwaji, ka sauke littafi ɗaya daga ɗakin karatun intanet na Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya kafa a 1971, yana da littattafai sama da 70,000 kyauta marasa makulli.

Malam Lawal:
Na daɗe ina sauraron muhawarar nan, kuma sauraro nake nufi, domin ni makaho ne, TalkBack ce take karanta mini saƙonninku. Baba Alhaji, da girmamawa nake cewa shafin da kake ƙauna ni bango ne a gare ni. Yawancin PDF da ake turo mana hoton takarda ne aka ɗauka, idan na buɗe sai manhajar ta yi tsit, ko ta ce mini hoto, shi ke nan. Wanda ma yake da rubutu na gaske, idan shafin ginshiƙi biyu ne, takan karanta layin hagu ta tsallaka na dama ta haɗa su jimla guda, ta kuma cusa mini kanun shafi da lambarsa a tsakiyar magana. A EPUB da aka tsara da kyau ina tsalle daga babi zuwa babi da kaina, ina jin bayanin hoto idan mawallafi ya rubuta shi, ba sai na jira ɗana ya dawo daga makaranta ba. Roƙona ga Maman Iman da sauran marubuta shi ne kada su yi wasa da gurbin harshen da Injiniya ya ambata, kuma su sa wa kowane babi kanu na gaske, kada su tsaya ga ƙara wa layi kauri kawai, domin da kanun nake gane inda nake.

Alhaji Mudi:
Malam Lawal, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba, kuma na karɓa. Jikana ya sa mini manhajar ɗazu, na ƙara haruffan har na karanta shafi uku ba tabarau. Amma ban janye duka ba. Na buɗe wani littafin waƙoƙi da ya saka mini, na tarar kowane ɗango ya karye biyu, amsa-amon da ya kamata ya jeru a ƙarshen layi ya watse, baiti mai ɗango biyar ya koma kamar zube. Haka jadawali mai ginshiƙai da yawa zai yi, haka littafin lissafi. An ce mini akwai EPUB mai tsayayyen shafi da ake yi wa littattafan yara, to wannan ai PDF ne ya sauya riga. Labari da tarihi na bar muku, waƙa da jadawali kuwa a bar mini shafina.

Malama Hadiza:
Dakta, na duba kamar yadda kika ce, littafin ba shi da lambobin bugun takarda, kuma na tambayi malamin, ya amince in ambaci babi da ƙaramin kanu. Babi na huɗu kaɗai yake da jadawali, guda uku, kuma gaskiyar Baba Alhaji ce, a waya sun cakuɗe. Shi kaɗai zan mayar PDF in buga, sauran zan karanta a waya. Gobe zan biya ta shagon in nuna wa yaron cewa fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, in ya yarda kuma in sa masa SumatraPDF a kwamfutarsa, domin na ji ya ce ni ce ta uku da ta kawo masa irinsa a wannan makon.